Sashen ido da jijiyoyi na yara: sun iya aiki, amma sai kin riƙe takardunki da kyau

Idan aka tambaye ni ko zan sake kai yaro wannan sashe, zan ce e ba tare da dogon tunani ba. Idan kuma aka ce ko komai nasu ya yi, a'a, da sauran gyara. Likitocin sun san aikinsu, ma'aikaciyar da ke gwada motsin ido kuwa ta fi kowa burge ni. Inda suka gaza shi ne wajen haɗa kansu. Ɓangaren ido yana nasa, ɓangaren ƙwaƙwalwa yana nasa, ɗakin hoto yana nasa, uwa ce ke yawo da saƙo a tsakani. Sashe ne a cikin wani babban asibiti, inda likitan ido na yara da likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ta yara suke ware rana guda a mako don yaran da matsalarsu ta shafi ɓangarorin biyu. Ba zan kama suna ba tunda akwai ƙorafi a maganata, kuma abin da zai fi amfanar wata uwar shi ne ta san abin da za ta nema a duk asibitin da ta samu kanta.

Autata ce ta kai mu, tana da shekara biyar a lokacin. Ciwon kai ya kama ta a gefen dama, tana nuna min saman gira da bayan ido, tana amai, ba ta son haske, sai dai ta dunƙule a ɗaki a ja mata labule. Ni ma ina fama da ciwon ɓarin kai tun ina budurwa, don haka kamanninsa ba baƙo ba ne a wurina. Bayan 'yan kwanaki ciwon ya lafa har ta koma wasa. A nan ne fa fatar idonta ta dama ta fara saukowa, da safe rabi, kafin yamma ta rufe ruf. Da na sa yatsa na ɗaga, sai na ga idon ya karkata waje, ya ɗan yi ƙasa, ɗan baƙin da ke tsakiyarsa kuma ya buɗe ya fi na ɗayan girma. Ta dube ni ta ce, "Umma, kin zama biyu."

Yabo na farko na nas ɗin da ta karɓe mu ne a ɓangaren gaggawa na yara. Wurin cike yake, na riga na saki jiki cewa za mu daɗe. Ta ɗaga fatar idon, ta haska da 'yar tocila, ta haska ɗayan, ta sake dawowa kan na daman. Ba ta ce mu koma layi ba, kai tsaye ta shige da mu. Daga baya likitar ta bayyana min dalili: duk idon da ya shanye haka tare da ciwon kai, ɗan baƙin tsakiyarsa kuma ya ƙi tsukewa idan an haska shi, ana ɗaukarsa ne a matsayin gaggawa har sai an tabbatar babu abin da ke danne jijiyar a cikin kai. A wurin manya abin da ake fara tsoro shi ne kumburin wata jijiyar jini da ke wucewa dab da jijiyar idon. A yara ba kasafai ake samun haka ba, amma ba a yin caca da shi. Nas ɗin da ta san wannan tun daga ƙofa ta cancanci a yaba mata.

Likitar ƙwaƙwalwar mace ce mai sanyin magana, ba ta kallon agogo. Ta ɗauko takarda ta zana min ido. Ta ce, "Maman yarinya, ki duba nan." Kowane ido tsoka shida ne ke juya shi, jijiyoyi uku kuma da suka fito daga ƙwaƙwalwa su ne ke ba su umarni: ta uku, ta huɗu da ta shida, a cikin jerin jijiyoyi 12 da ke fitowa ta kowane gefe. Ta ukun ce mai babban aiki. Ita ke riƙe da huɗu daga cikin tsokokin shida, ita ke ɗaga fatar ido, ita ke tsuke ɗan baƙin tsakiya, ita ce kuma ke sa ido ya daidaita kan abu na kusa. Idan ta tsaya, sai sauran biyun su ja idon inda suke so, ta shida ta ja shi waje, ta huɗu ta ja shi ƙasa. Abin da na gani da yatsana kenan. Bayanin bai ɗauke ta minti biyar ba, amma da shi na fahimci duk abin da aka yi mana daga baya, kuma har yau takardar tana cikin jakar da nake ajiye katunan asibiti.

Sai ma'aikaciyar gwajin motsin ido. Ba likita ba ce, ƙwararriya ce a kan karkacewar ido da yadda idanu biyu ke aiki tare, kuma in da a ce sashen nan zai rasa ta, da rabin darajarsa ta tafi. Yarinya mai shekara biyar, ga ciwo, ga tsoro, ga ido a rufe, ba ta da niyyar ba kowa haɗin kai. Matar nan ba ta fara da gwaji ba. Ta durƙusa ta ce, "Ƙawata, zo ki taya ni neman wani tsuntsu da ya ɓace min." Tsuntsun wani ɗan hoto ne a kan sanda. Tana kai shi sama, ƙasa, hagu, dama da kusurwoyi, yarinya tana bin sa da ido, ita kuma tana rubuta inda idon ya tsaya. Maimakon haruffa, da hotuna ta gwada ƙarfin gani: gida, da'ira, murabba'i, yarinya tana nuna irinsu a kan wani kati da ke cinyarta. Ta rufe ido ɗaya ta buɗe, ta rufe ɗayan. Ta ɗauko wata sanda mai jerin gilasai masu karkatar da haske, da ita ta auna girman karkacewar ta rubuta lamba. Ta auna faɗin buɗewar fatar ido da ƙaramin ma'auni, ta auna ɗan baƙin tsakiya a haske da kuma duhu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to ita dai ba ta yarda da kimar ido ba, komai sai ta auna. Amfanin haka ya fito a makonnin da suka biyo baya. Ni a gida sai in ga kamar babu wani canji, in zo ta nuna min lambar yau da ta wancan zuwan, in ga ashe ana samun sauƙi.

Wani ƙaramin abu da na lura da shi: sai da ta gama auna ɗan baƙin tsakiyar idon kafin ta bari a ɗiga maganin da ke buɗe shi don likita ya leƙa bayan ido. Wani matashin ma'aikaci ya zo da kwalbar a hannu, ta dakatar da shi. Da an ɗiga tun farko, da duka idanun biyu sun buɗe, alamar da ta fi muhimmanci ta ɓace har zuwa washegari.

Abin da wasu iyayen ba za su so ba, ni kuma nake ƙirga shi cikin alherin sashen, shi ne sun ƙi ba ciwon suna a wannan karon. Na gaya wa likitar cewa ina da ciwon ɓarin kai, mahaifiyata ma haka. Ta rubuta, amma ta ce wannan ba zai sa ta rage ko gwaji ɗaya ba. Ta lissafa min abubuwan da za ta kawar tukuna: ƙari a kan jijiyar ko kusa da ita, kumburin jijiyar jini, sanƙarau da sauran cututtukan da ke kama rufin ƙwaƙwalwa, hawan matsin ruwa a cikin kai, kumburi a bayan kwarmin ido, da wata cuta mai sa tsoka saurin gajiya da ake kira mayasteniya. Ta ce ita ta ƙarshen ba ta cika zuwa da ciwon kai ba, ba ta kuma taɓa ɗan baƙin tsakiyar ido, amma duk da haka za ta sa ido a kanta. Jin wannan jerin ba daɗi. Babansu ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Sai dai na fi son likitar da za ta tsorata ni da gaskiya a kan wanda zai ji kalmar ciwon ɓarin kai ya rubuta farasitamol ya sallame mu.

Ɗakin hoto ne ya fara ɓata min rai. Hoton MRI ake buƙata, ba na CT ba, domin CT ba ya nuna siririyar jijiya irin wannan da kyau, ga shi kuma yana amfani da haske mai ratsa jiki da ba a so yaro ya riƙa sha ba gaira ba dalili. Na'urar MRI tana da ƙara sosai, ana shafe tsakanin rabin awa zuwa awa ɗaya a ciki, kuma dole mutum ya kwanta ko motsi babu. Yaro mai shekara biyar ba zai iya ba, sai an sa shi barci. Don haka aka ce awa 6 babu abinci, ruwa zalla kuma a tsaya awa 2 kafin lokaci. Muka bi ƙa'ida. Lokacinmu ya zo ya wuce, babu wanda ya ce mana uffan. Da na matsa sai aka ce likitan sa barcin yana ɗakin tiyata. Na yarda tiyata ta fi mu gaggawa, ba wannan ne ƙorafina ba. Ƙorafina shi ne sun san da jinkirin tun da wuri, da sun faɗa da an ba yarinya ruwa ta kurɓa, maimakon a bar ta tana kuka da ƙishi a kan benci, mai ciwon kai kuma. Sannan takardar neman hoton da aka aiko daga sama ba ta nuna cewa a sa ruwan allurar da ke haska jijiya ba, wanda ake kira gadoliniyam. Allah ya sa likitar ta gaya min da bakinta cewa da shi za a yi, sai na tambaya. Aka buga waya, aka gyara. Ba don haka ba da an sa yarinya barci an tashe ta, hoton kuma bai nuna abin da ake nema ba.

Da aka shiga kuwa, aikin ya yi kyau. Sun shafa mata man da ke kashe zafi a bayan hannu kafin su sa kanula, wato ɗan bututun da ake sakawa a jijiyar jini don ba da magani, sun bar ni a gefenta har barci ya ɗauke ta, kuma ina wurin lokacin da ta farka. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na jijiyoyin jini a zama ɗaya. Likitar ta juyo min da allon kwamfuta ta nuna min wurin: daidai inda jijiya ta uku ke fitowa daga tsakiyar ƙwaƙwalwa, ta gefen dama ta yi kauri, ta kuma yi haske bayan an sa allurar. Ta hagun siririya, ba haske. Babu ƙari a ko'ina, jijiyoyin jini lafiya lau. Ta ce wannan kauri da hasken sun yi kama da wani ciwo da take zargi, amma ƙaramin ƙari da ke tsirowa daga rigar jijiya ma yana iya fitowa haka. Bambancin shi ne na ƙari ba ya gushewa, na wancan ciwon kuwa yana dusashewa bayan makonni. Saboda haka za a sake hoto nan da wasu watanni.

Ta ba mu firednisolon, maganin rage kumburi, na ɗan gajeren lokaci, ana rage shi a hankali. A nan ma ba ta cika baki ba. Ta ce ciwon ya yi ƙarancin da ba a taɓa tara yara masu yawa an gwada maganin a kansu yadda ake yi wa sauran magunguna ba. Abin da ake da shi rahotannin likitoci ne cewa wasu yaran sun fi saurin warwarewa idan an fara shi da wuri. Mai ba da magani ta yi min bayani dalla-dalla: a sha da safe bayan an ci wani abu, kada a yanke shi kwatsam, a nisanta ta da duk yaron da ke da ƙarambau, in kuma ta yi cuɗanya da shi a dawo a faɗa. Ta ce in shirya wa yawan ci da rigima da ƙin barci. Duka ukun sun zo, rigimar ma har da ƙari.

Babban ƙorafina a kan filastar ido ne. Da fatar idon ta fara ɗagawa, ganin abu bibbiyu ya dawo da ƙarfinsa, domin a da fatar ce ke rufe hoto na biyun. Yarinya ta riƙa miƙa hannu gefen kofi, tana tuntuɓe a matakala, tana tafiya da kai a karkace. Wani ƙaramin likita a ɓangaren ƙwaƙwalwa ya ce a rufe idon mai ciwo da filasta yini guda cur har ya warke. Magana ce mai ma'ana ga babba. Da muka je wurin mai gwajin motsin ido na faɗa mata, sai da ta ajiye biro. Ta ce a yaron da bai kai shekara bakwai zuwa takwas ba, ƙwaƙwalwa tana kan koyon gani. Idon da aka rufe na dogon lokaci, ko wanda ya karkace yana kawo hoton da ke damun ta, sai ta yi watsi da shi, ganinsa ya ragu, ko da jijiyar ta warke daga baya. Idon nan dama ya riga ya yi kwanaki a rufe da fatarsa. Tsarin da ta ba mu daban ne: a riƙa sauyawa, a rufe mai lafiyan na wasu awanni a rana don mai ciwon ya yi aiki, a rufe mai ciwon idan za a hau matakala ko a fita waje, ita kuma tana auna ganin kowanne a duk zuwa tana gyara awannin. Shawara biyu masu karo da juna daga sashe ɗaya, a mako ɗaya. Ni na samu wadda ta gyara. Uwar da ranar ganin mai gwajin ta yi mata nisa fa?

Ta kuma lura da abin da ba wanda ya kula: idon ba ya iya daidaita kan abu na kusa, shi ya sa yarinya ke ture littafin zanenta duk lokacin da aka rufe mai lafiyan. Ba taurin kai ba ne, dishi-dishi take gani. Aka ba ta tabarau na wucin gadi mai taimakon gani kusa a gefen daman. Na tambaya game da siririn gilashin roba da ake mannawa a tabarau don haɗe hoto biyu, ta ce ba zai yi mana aiki ba tukuna, saboda girman karkacewar yana canzawa da duk inda yarinya ta kalla, kuma yana canzawa daga mako zuwa mako. Ban da haka ta koya min dabarar cire filasta ba tare da an ɗaye fatar yaro ba: a jiƙa gefen da ruwan ɗumi, a ja daga wajen hanci zuwa kunne a hankali.

Fatar idon ce ta fara dawowa daidai, sai motsin, ɗan baƙin tsakiya ne ya zo ƙarshe. Cikin kamar wata biyu, wanda bai sani ba ba zai gane komai ba. Hoto na biyu ya nuna hasken ya dusashe. Aka sallame mu da fatan alheri da baki, babu takarda ko ɗaya da ke cewa ga abin da ya faru, ga abin da za a yi idan ya dawo.

Ya kuwa dawo, a shekarar da ta biyo baya, a wannan idon dai, da irin salon farko: ciwon kai da amai, sai fatar ido. A ɓangaren gaggawa muka tarar da sababbin fuskoki, fayil ɗinmu kuma aka ce ana nema. Abin da ya cece mu shi ne hotuna da bidiyon da na ɗauka a waya a karon farko, da hoton rahoton MRI da na ɗauka kafin in mayar musu. Da su likitan dare ya gane inda aka kwana, ya kira likitarmu. Wannan karon an fara maganin da wuri.

A wannan zuwan ne ta ba ciwon suna, ta kuma faɗa min abin da ya hana ta tun farko. Ƙa'idar da Ƙungiyar Masana Ciwon Kai ta Duniya ta shimfiɗa ta ce sai ciwon ya zo aƙalla sau biyu, ciwon kai a gefe ɗaya, shanyewar ɗaya ko biyu ko duka ukun jijiyoyin nan masu juya ido a wannan gefen, kuma an bincika an tabbatar babu wani abu a kwarmin ido ko cikin kai da ya jawo shi. Tsofaffin littattafai suna kiransa ciwon ɓarin kai mai shanye ido, sunan da likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya ba shi a 1890. A kundin ƙungiyar na 1988 yana cikin dangin ciwon ɓarin kai. Da hoton MRI ya yawaita aka riƙa ganin kaurin nan a jijiyar, sai a 2004 aka fitar da shi daga dangin aka mayar da shi cikin cututtukan jijiyoyin kai. Kundin 2018 yana kiransa ciwon jijiya mai zafi mai shanye ido da ke maimaituwa, a taƙaice RPON da Turanci. Wannan ba gardamar malamai kawai ba ce, tana da tasiri a kan magani. Idan matsalar a jijiyar take, to maganin ciwon ɓarin kai irin nawa ba shi ne amsa ba. Ta ja min kunne musamman kada in ba ta ƙwayoyin da nake sha masu tsuke jijiyoyin jini, kada kuma in ba ta asfirin. Don zafin kai, farasitamol ko ibuprofen gwargwadon nauyinta.

Na tambaye ta ko ta saba ganin irinsa. Ta yi murmushi ta ce, "Maman yarinya, likita yana iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai ga ko ɗaya ba." Wani bincike da aka yi a Denmak ya ƙiyasta cewa bai kai mutum ɗaya cikin miliyan a shekara ba, 0.7 suka samu. Wani nazarin da aka wallafa a 2012 ya tattara bayanan mutum 84 daga rahotannin likitoci: rabinsu ciwon ya fara musu suna da shekara 8 ko ƙasa da haka, kuma a kashi 83 cikin 100 jijiya ta uku ce ta kamu. Ciwon kan yana iya riga shanyewar idon da har kwana 14, abin da ke sa wasu iyayen ba sa ma haɗa biyun. Na ji daɗin yadda ta faɗi ƙarancinsa ba tare da ta mayar da 'yata abin kallo ba. Ta nemi izinina kafin ta shigo da ɗalibai, ta kuma nemi na yarinyar.

Game da gaba, ba ta yi min alkawarin da ba za ta iya cikawa ba. Yawancin lokaci idon yana komawa daidai cikin kwanaki ko makonni, amma idan ciwon ya yi ta dawowa yana iya barin saura: fatar ido ta ɗan sauka, ko karkacewa, ko ɗan baƙin tsakiya ya zauna a buɗe. Idan karkacewa ta zauna ana iya gyara ta da tiyata, amma sai ta yi watanni ba ta canza ba. Akwai likitocin da ke ba da maganin rigakafin ciwon ɓarin kai kullum da fatan rage dawowarsa. Ta ce hujjar hakan ba ta da ƙarfi, kuma tunda tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu tana da yawa, ba ta ga dalilin ɗora wa yarinya ƙwaya kowace rana ba. Na gamsu da wannan, musamman da ta ce za mu sake zama a kai idan ya fara zuwa kusa-kusa.

Wasu ƙananan abubuwa da gyaransu ba wuya. Ɗakin jira yana da fitilu farare masu ƙarfi da talabijin da ba a kashewa, a sashen da rabin yaran da ke zaune ciwon kai ne ya kawo su. Babu ko lungu ɗaya mai duhu da za a kwantar da yaro, sai dai in lulluɓe mata fuska da mayafina. Lambar wayar da ke jikin katin ba a ɗauka. Ranar dawowa wurin likitan ido da ta likitar ƙwaƙwalwa sukan faɗo a mabambantan ranaku duk da cewa sashen an kafa shi ne don a haɗa su, sai kin je da kanki wurin mai rajista kin roƙa. A gefe guda kuma wurin da tsabta, akwai kayan wasa, kuma ban taɓa jin wani ma'aikaci ya daka wa yaro tsawa ba.

Takardar da na rasa a karon farko, a karo na biyu na tsaya sai da aka rubuta min ita: shafi ɗaya mai sunan ciwon, sakamakon hotunan, maganin da aka bayar da adadinsa, da wanda za a kira idan mun zo da dare. Likitar ta ƙara da layi biyu da na ga sun fi komai muhimmanci, cewa wannan takarda ba ta hana a sake bincike ba idan salon ya canza: idan ɗayan idon ne, ko akwai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko yawan barci da ruɗewa, ko raunin hannu ko ƙafa, ko ciwon kan ya fi na da tsanani. Ta rubuta wata gajeriya ga malamar ajinsu, cewa ciwon ba ya yaɗuwa, a zaunar da ita a gaba, a riƙe mata hannu a matakala ranar da take da filasta. Duka biyun ba su ɗauke ta minti goma ba, shi ya sa nake mamakin yadda ba a mayar da su ƙa'ida ga kowane yaro ba, sai wanda uwarsa ta iya naci.

Yanzu ɗan baƙin idon daman ya ɗan fi na hagu girma, sai a hoto mai walƙiya ake lura. Ganin idanun biyu daidai yake, kuma mai gwajin ta ce za ta ci gaba da auna ta duk bayan 'yan watanni har ta wuce shekara takwas. Ranar da za mu koma ta gaba ma sai da na je na roƙi a haɗa mana ita da ta likitar ƙwaƙwalwa.